Ba Goma Ba

Kwanakin farko na makokin tsoho Mottel, falon 'yarsa Bayla cika yake har ana taka ƙafar juna. 'Yan uwa sun zo daga Winnipeg, wasu daga Toronto, kowa da kwanonsa na kugel, gasasshen dankalin nan namu, da tarinsa na mura. Maza sun haura goma nesa ba kusa ba, don haka safe da yamma ana tsayawa a yi wa mamacin Kaddish, addu'ar da muke yi wa matattu, babu mai leƙa taga yana jiran wani. Sai rediyo ya ce ƙanƙara na tafe, irin mai toshe hanya. Kafin rana ta take, baƙin nan sun rungume Bayla, sun share hawaye, sun naɗe sauran kifin gishiri a takarda, sun yi gaba. Aka bar mu, mu 'yan gari, mu Yahudawan da dama ba yawa gare mu ba.

Garin namu na bakin tabki ne, can arewacin Ontariyo. Da can ranar idi majami'armu ba ta ɗaukar mu. Yanzu yara sun watse birane, tsofaffi sun koma makabartar bayan gari sun kwanta, saura mu da ke jiran layi. Kaddish kuwa ba a yinsa sai da maza goma waɗanda suka cika shekara goma sha uku. Mata ko ɗari ne ba sa cike gurbin ɗaya. Shekara da shekaru Mottel ne mai haɗa goman nan. In an yi rasuwa shi zai bi gida gida da tsohuwar motarsa mai tari, ya tayar da mai barci, ya janyo mai shago daga bayan kanta, ya ɗauko gurgu har da kekensa. Tunda yake, ba a taɓa yin mamacin da aka fasa wa Kaddish a garin nan ba. To yau ga shi shi ne mamacin. Washegari da safe za a tashi daga makoki, rana ta fara gangarawa, addu'ar yamma kuma ba ta jiran kowa.

Bayla na zaune kan 'yar guntuwar kujera ta masu makoki, rigarta a yage ta wajen ƙirji kamar yadda aka saba, ƙafarta ba takalmi sai safa. Idonta na kan maza, leɓenta na motsi. Ta riga ta san abin da za a samu, amma ta bar Reb Leibush ya yi aikinsa.

Reb Leibush, mai kula da majami'a, ya miƙe ya gyara tabarau. Mu ba ma ƙirga mutane kamar awaki, kada Mala'ikan Mutuwa ya ji lissafi ya zo ya rage. Sai ya bi su da haɓa, ba da yatsa ba, yana cewa, "Ba ɗaya ba. Ba biyu ba. Ba uku ba." Har ya kai kan Zalman, mijin Bayla, ya ce, "Ba tara ba." Ya tsaya. Ya waiga bayan ƙofa kamar wani zai fito daga cikin rigunan sanyin da aka rataye. Ya sake bi daga farko, wai ko wani ya haihu.

Gitl Pomerants na zaune gefen mata da farantin kek a cinya. Ta ce, da muryar nan tata da take kira raɗa, "Ina ce akwai wani namijin a gidan nan? Ko an ba da shi aro ne?"

Kowa ya san inda Pini yake. Kiɗansa na tasowa ta ƙarƙashin katakon falo yana bugun tafin ƙafar masu makoki.

Pini ɗan Bayla ne, shekararsa goma sha biyar. Mottel bai haifi namiji ba, Bayla ce kaɗai, shi ya sa tun ranar da aka yi wa jaririn kaciya ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga Kaddish ɗina." Haka ya ci gaba da kiransa. Ba ya cewa Pini, ba ya cewa Pinhas, sai dai, "Ina Kaddish ɗina? Ku ba Kaddish ɗina cinyar kaza." Yaro ya tashi yana jin kamar an haife shi ne don ranar da kakansa zai mutu. Yanzu ma ba a ce ya buɗe baki ba. Tunda iyayensa na raye, al'ada ba ta bar shi ya karanta ba, Zalman ne ke karanta wa surukinsa. Tsayuwa kawai ake so yaron ya yi.

Tun bazarar bara ya fara sauyawa. 'Yar hularsa ta bar kansa ta koma aljihu, daga aljihu ta koma inda Allah kaɗai ya sani. Ranar Asabar ana majami'a, shi yana filin wasan hoki yana zamiya kan ƙanƙara da 'ya'yan masu yankan katako. Gitl ɗin nan da idonta ta gan shi a shagon abinci na bakin tasha yana cin nama da cuku a burodi ɗaya, haɗin da addininmu ya haramta, kuma ba ta bar labarin ya huce ba. Bayla ta yi ihu, ta yi kuka, ta ƙwace waya, ta mayar da waya, ta dafa masa abin da yake so, ta hana shi abin da yake so. Zalman shi nasa salon shiru ne. Ya daina ɗora masa hannu a ka daren Asabar ya sa masa albarka, kuma bai ce don me ba. Uba da ɗa suna wuce juna a matakala kamar 'yan haya.

Sai yayarsa Shifra, mai shekara goma sha bakwai. Ita ta yi jinyar tsohon. Daga makaranta asibiti take wucewa, ta ba shi romo a baki, ta yanke masa farce, ta goge masa gemu. Da ya ga Pini na gudun karatu, ita ya zaunar ya koya wa addu'o'in kaf, har ta fi wasu masu gemu iya su. Amma ko a ranarsa ta ƙarshe, tana riƙe da cokali, buɗe ido ya yi ya ce, "Ina Kaddish ɗina?" Shifra ta ce yana tafe, ta ci gaba da hura romon.

Zalman ya rusuna kusa da kunnen matarsa. "Bayla, ke ya fi ji."

"Ni da nake makoki ce zan sauka in roƙe shi? Kai ba ɗanka ba ne?"

"In ni na sauka, sai dai a yi makoki biyu."

Ta dube shi, duban da suka daɗe suna yi wa juna a kan yaron nan, kowa na ganin laifin ɗan uwansa. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

Ɗakin ƙasa na warin safa da takalmin zamiya. Pini na kwance kan tsohuwar kujera, ƙafa a bango, waya a ƙirji. Da ya ga mahaifiyarsa sai ya rage kiɗan, bai kashe ba.

"Tashi," in ji Bayla. "Tara ne."

"Na ji. Reb Leibush ya ƙirga sau biyu. Au, bai ƙirga ba sau biyu."

"Kada ka yi mini wayo yau, Pini. Ba ni da ƙarfinsa."

"Mama, tun ranar jana'iza na gaya muku. Da 'yan Winnipeg suna nan ai ba wanda ya neme ni."

"Yanzu ana nemanka."

"Ba ni ake nema ba. Ƙafa biyu ake nema da wando."

"Zaidenka ne fa, kakanka. Mutumin da ya goya ka a kafaɗa zuwa majami'a. Shi ya saya maka takalmin nan da kake saɓa wa Allah da shi."

Pini ya tashi zaune. Idonsa ja ne, kuma Bayla ta lura ba na barci ba ne. "Na san Zaidena. Na je asibiti ni kaɗai, ba ku sani ba. Na ce masa, Zaide, ni fa ban yarda da komai cikin abin nan ba. Kin san me ya ce? Ya ce, wa ya tambaye ka? Kai dai ka tsaya."

"To ka ji. Ka tsaya."

"Shi ne abin da ba zan iya ba. In tsaya ina ƙarya a kan mutumin da nake so, Gitl tana kallona tana tauna kek." Ya murza hanci da bayan hannu. "Ku ƙirga Shifra mana. Ita ta yarda. Ta haddace littafin har da inda ya yage."

"Ka san ba a yi."

"Na sani. Ke ma ba a ƙirga ki. Ubanki ne fa, Mama, amma ga ki kin sauko kina roƙon yaron da ya ci nama da cuku."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Hannunta ya ɗaga, ya tsaya a iska, ya sauko. Ta zauna kan matakala ta ƙarshe, ta ja yagaggiyar rigar ta rufe ƙirji. Da ta sake magana, muryar ba irin wadda Pini ya saba ji ba ce.

"Ni ban san abin da ke samun mutum bayan an rufe shi da ƙasa ba. Ban yi wannan karatun ba. Abin da na sani, ubana bai taɓa barin uban kowa ya tafi haka ba. In aka fasa masa yau a gidana, ba maganar Gitl nake ji ba, ni zan kwana da shi in tashi da shi har in mutu. Ba zuciyarka nake nema ba, ka riƙe abarka. Jikin nan ni na haife shi. Shi nake so ka ara mini, ka jingina shi a bango kamar tsintsiya har a gama, ka ɗauki abinka."

Pini ya daɗe yana kallon safarta. Babban yatsa ya kusa fasa ta. Ya kashe kiɗan, ya miƙe.

A bakin falo akwai kwandon huluna na baƙi. Bayla ta ɗauko baƙa guda ta kifa masa a ka da sauri, kada ya sake shawara. Shifra na tsaye daidai ƙofar, tsakanin maza da mata, yatsanta cikin littafin addu'a yana riƙe da shafin. Reb Leibush na hango Pini sai fuskarsa ta washe.

"Shifrale, 'yar albarka," ya ce, "ɗan ja baya ki ba namiji hanya."

Shifra ta manne da bango. Pini ya wuce ta gabanta, kafaɗarsa ta goge littafin. Ya dubi mahaifinsa. Zalman na kallon shafi kamar yau ya fara ganin haruffa.

"Ashe kan yana nan," in ji Gitl. "Hular ce dai ta yi tafiya."

Reb Leibush ya sake gyara tabarau, ya bi su da haɓa. "Ba bakwai ba. Ba takwas ba. Ba tara ba." Ya juyo kan yaron. "Ba goma ba."

"Gaskiyarka, Reb Leibush," in ji Pini. "Ba goma ba."

Ya cire hular, ya ɗora ta kan littafin da ke hannun yayarsa, ya zari rigar sanyi daga maratayi.

"Pinhas," in ji Zalman. Rabon da ya kira sunan nan tun bazara. Amma ƙofa ta riga ta rufu, sai iskar da ta shigo tana kaɗa zanen da aka lulluɓe madubi da shi.

Wani tsoho ya yi tari, wani ya duba taga. Hasken waje ya fara yin toka toka. Bayla na tsaye inda yaron ya bar ta.

"Abba," in ji Shifra. "Ni fa?"

Zalman ya ɗago.

"Ba sai na karanta ba. In tsaya kawai. Shi ma ai tsayuwa kawai aka ce ya yi."

Maza tara suka shiga nazarin kafet. Reb Leibush ya buɗe tafin hannuwansa. "'Yata, da ni na rubuta dokar, da ke zan fara sawa. Amma ba ni na rubuta ba."

"Ni na rufe masa ido, Reb Leibush. Kai kana ina?"

"Shifra," in ji Zalman a hankali.

Yarinyar ba ta kula shi ba. Mahaifiyarta ta juya ta kalla, kallon da ke cewa ubanki ne, gidanki ne, ki ce wani abu. Bayla kuwa ta san mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta san in ta buɗe baki ta ce a ƙirga yarinyar, biyu ko uku za su ɗauki sandunansu su fice, tara ta koma shida, gobe da safe ma babu mai dawowa. Ta san kuma abin da Mottel da kansa zai ce in da yana zaune a kujerarsa. Duk wannan ta lissafa shi kafin ƙiftawar ido, kuma lissafin daidai ne, ban ce ba daidai ba ne.

"Shifra," ta ce, "je ki ɗora ruwan shayi."

Yarinyar ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta wuce kicin da littafin da hular a hannu.

Bayla ta koma bakin taga don kada ta ga idon matan. Ƙanƙara na zuba kamar ana tankaɗe gari. Can kwanar layi ga Pini tsaye jikin turken fitila, hannu a aljihu, kai ba hula, ba shi da wurin zuwa kuma girman kai ya hana shi dawowa. Daga ɗaya ɓangaren kuma sai ga motar share ƙanƙara tana tahowa, fitilarta na juyawa, tana ture farin tudu gefe. Bayla ta gane direban da jan gemunsa. Gordi Makela ne.

Labarin Gordi kowace mace a garin nan ta sha shi da nono. Kakarsa Etta 'yar mahaucin majami'armu ce, kyakkyawa har ana misali da ita. Ta gudu da wani ɗan Finland mai yankan katako, ubanta ya yaga riga ya yi mata zaman makoki tana raye tana shanya wanki a ƙetaren gada. Etta ta haifi mace, macen ta haifi Gordi. Mu kuwa Yahudanci ta uwa muke binsa.

Mai makoki ba ta fita daga gida. Bayla ta buɗe ƙofa ta fita da safa.

Ta tsaya tsakiyar titi ta ɗaga hannu biyu. Motar ta yi ƙugi ta tsaya, Gordi ya leƙo.

"Madam Rozenfarb, lafiya? Ina takalminki?"

"Kakarka ta wajen uwa sunanta Etta, ko ba haka ba?"

"Kaka Etta? Haka ne. Ai ta rasu tun ina firamare."

"Ita ta haifi mahaifiyarka? Ba riƙo ba?"

"Ita ta haife ta mana. Wani abu ne ya faru?"

"Sauko. Kai Bayahude ne."

Gordi ya yi dariya, da ya ga ba ta yi ba sai ya haɗiye. "Ni? Madam, ni fa ranar Kirsimeti coci nake zuwa. Matata ke jana."

"Wannan kada ka faɗe shi a ciki. Sauko. Ubana ya rasu, ana neman namiji ya tsaya."

"Mottel mai tsohuwar mota? Ayya. Na sha janyo shi daga kwata." Ya kashe injin. "Me zan yi?"

"Ba komai. In ka ji sun ce amin, ka ce amin."

Da ta juya, idonta ya haɗu da na Pini daga can kwanar. Ya cire hannu daga aljihu, ya ɗan taka kamar zai taho, yana kallon ƙafarta cikin ƙanƙara. Bayla ta kawar da kai, ta riƙo hannun rigar Gordi ta ja shi ciki.

Ya shigo yana karkaɗe takalma, warin man mota da na soyayyen naman alade na abincin ranarsa suka riga shi shiga falo. Gitl ta ajiye kek, abin da ban taɓa gani ba. Reb Leibush ya dube shi sama da ƙasa.

"Jikan Etta ne," in ji Bayla. "Ta wajen 'yarta."

Reb Leibush ya dubi taga, ya ga abin da ya rage na haske. Akwai sauran tambayoyi, ya san su sarai, amma bai yi ko ɗaya ba. Ya ce a kawo masa hula.

Kwandon ya ƙare, 'yan Winnipeg sun tafi da rabi a kawunansu. Bayla ta shiga kicin, safarta na barin sawun ruwa. Shifra na tsaye gaban murhu. Littafin na kan tebur, hular na kansa. Bayla ta miƙa hannu ta ɗauka.

"Ya dawo ne?" in ji Shifra.

"Ba shi ba ne."

Shifra ta leƙa ta ƙofa. Ta ga ƙaton mutum mai jan gemu da rigar aiki mai ɗaukar ido, yana murmushi yana gaisawa da tsofaffi.

"Wannan ai mai share titi ne."

"Jikan Etta ne."

"Ya san mene ne Kaddish?"

"Ba sai ya sani ba."

"Ba sai ya sani ba," Shifra ta maimaita, a hankali, kamar tana ɗanɗana miya. Ta so ta ƙara wani abu, amma Bayla ta riga ta fita da hular.

Aka tsaya. Hular ta zauna a tsakiyar kan Gordi kamar murfin kwalba. An ba shi littafi, ya buɗe ta inda ya saba buɗe littafi, wato ta baya, don namu daga dama ake farawa, wani ya juya masa. Suka yi addu'ar yamma da sauri, suna tseren hasken da ya rage, har aka zo wurin. Zalman ya matsa gaba ya fara Kaddish. Muryarsa ba ta da daɗi, bai taɓa iya waƙa ba, amma kalmomin sun fita cikakku, ɗaya na bin ɗaya, irin yadda Mottel ya yi wa uban kowa a garin nan. Maza suka ce amin. Gordi ya ce nasa bayan kowa, da ƙarfi, kamar mai amsa kira daga nesa, matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Bayla ba ta ji dariyar ba. Wani abu da ya tokare mata ƙirji tun ranar jana'iza ya sauka, ta yi kukan da ba ta yi ba a bakin kabari. An yi wa ubanta. Ba a fasa ba. Ko me za a ce, wannan daɗin ta ji shi har cikin ranta, kuma ƙafarta na daskarewa ba ta ma sani ba.

Sai da aka gama, Gordi ya zauna da farantin kugel yana tambaya ko gobe ma ana bukatarsa, sannan aka lura ba shayi. Butar na ta fito a kicin. Bayla ta shiga ta sauke ta, ba Shifra ba alamarta. Ƙofar baya a buɗe, ƙanƙara ta shigo ta kwanta a dandamali. Motar Zalman ba ta wurinta, sai sawun taya da ya bi hanyar da Gordi ya share, ya ɗan tsaya a kwanar layi, ya wuce.

Shifra da Pini sun dawo bayan an watse, su biyu, suna warin soyayyen dankali. Pini ya sauka ƙasa, Shifra ta hau sama. Littafin na nan kan tebur inda ta bar shi, sai Bayla ce ta ɗauke don kada miya ta zube masa.

Da safe Gordi ya riga kowa zuwa, ya aske gefen gemu, ya sa riga mai maɓalli. Aka yi addu'ar safe, aka yi Kaddish na ƙarshe na makoki, amin ɗinsa wannan karon ya kusa zuwa tare da na mutane. Reb Leibush ya ce wa Bayla ta tashi, zaman ya ƙare, Allah ya sanyaya mata. Saura a zaga da ita unguwa sau ɗaya, kamar yadda ake yi, ta koma cikin masu rai.

Kafin nan ta hau sama. Ƙofar Shifra a rufe. Ta ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya.

"Shifrale. Ba ki sauko ba."

Ta sake ƙwanƙwasawa.

"Kaddish ɗin Zaidenki na ƙarshe ne a gidan nan. Ko daga kicin ai da kin ji."

Aka buɗe ƙofar kaɗan. Shifra ta shirya tsaf da kayan makaranta, jaka a kafaɗa, idonta a bushe. Ba fushi a fuskarta, da akwai da Bayla ta san yadda za ta yi da shi.

"Ai kun cika, Mama," ta ce.

Ta raɓa ta gefenta ta sauka. Bayla ta ji ta buga ƙofar ɗakin ƙasa ta ce wa ƙaninta ya yi sauri kada su makara, ta ji takunsu su biyu, ta ji ƙofar baya.

"Bayla," Gitl ta kira daga ƙasa, "ki sa takalmi wannan karon, mun gaji da tsayuwa."

Bayla ta zauna kan matakala ta jawo takalman. Ƙafar ta kumbura da sanyin jiya, da ƙyar ta shiga.